Takardar Littafi Guda

Ranar kasuwar Tasawa, zamanin da ɗalibi ke kwafar littafinsa da hannu, Namadi makiyayi na tsugune a rumfar mai takarda, sai wani dattijo da bai sani ba ya tsaya kansa.

"Bafillace da takarda? Laya za a yi wa shanu?"

"A'a, Baba, ta ɗiyata Fatsuma ce. Ta sauke, malaminta ya ce ta zaɓi littafin da za ta kwafa, na fiƙihu ko na waƙoƙin Larabawa. Takardar ba ta isa littafi biyu ba."

"Fiƙihu mana! Mi waƙa za ta tsinana mata?"

"Ni ma haka na ce. Sai ta ce ta ji ana fassara wata: mutum ya iske tsohon mashekarinsu ba kowa, sai duwatsun murhu, ya tsai da raƙuminsa yana kuka."

"To, sai aka yi yaya?"

"Nan aka tashi karatu. Ni da na bar mashekari ya fi ashirin, ban san ana rubuta irin wannan ba."

"Ashe kai ke son jin ƙarshen!"

Namadi ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Ta kwafi waƙar," in ji dattijo. "Fiƙihu ina da shi, na ara mata. Amma ran da ta kai ƙarshe, a aiko a kira ni. Ni ma akwai kufan da na baro."