Aikin da Ya Iske Wasila a Jego

SAFIYANU: Salamu alaikum. Wasila? Kina ji na?

WASILA: Wa alaikumus salam. Ina jin ka, Abban Ummi. Ina wuni?

SAFIYANU: Lafiya lau. Ya jego? Ya ruwan zafi?

WASILA: Da godiya. Yau ma saura kaɗan Inna ta dafa ni.

SAFIYANU: Haka ake so. Ya Ummi? Ya Baba da Inna? Ya mutanen Kudan?

WASILA: Duk lafiya. Ummi ta sha ta ƙoshi, tana barci. Ya ƙafar Hajiya?

SAFIYANU: Da sauƙi, jiya har zaure ta fito. Kullum sai ta tambayi yaushe za ku yi arba'in ki dawo mata da takwararta Ikara.

WASILA: Allah Ya ƙara sauƙi. Ya gonar tumatir?

SAFIYANU: Yanzu na dawo daga ban ruwa. Tun da kamfani suka sallame mu ai na zama cikakken manomi, hannuna har ya yi kanta. Tsaya, wace ce take guɗa a gidanku?

WASILA: Guɗa?

SAFIYANU: Ga ta nan ina ji. Wata aka sa wa rana?

WASILA: Gwaggo Sabuwa ce. Gwaggo, don Allah ki yi a hankali, za ki tashi yarinya! Ba komai, ka san halinta.

SAFIYANU: Gwaggo Sabuwa ba ta guɗa a banza. Me na ji ta ce? Injiniya?

WASILA: Layin ne ba kyau.

SAFIYANU: Layin lafiyarsa lau. Wasila, mene ne?

WASILA: Ni da na so sai ka zo in faɗa maka baki da baki. Ka tuna kamfanin nan na Legas masu manhajar biyan kuɗi? Wanda ka nemi aikinsu, ka sa ni ma na nema?

SAFIYANU: Na tuna. Na ce ki gwada don ki saba da intabiyu. Ai kin tsaya a zagaye na biyu, haihuwa ta zo.

WASILA: Ban tsaya ba. Sun rubuto suna tambayar ranar da zan yi na ƙarshe, na ce musu na haihu. Na ɗauka shi ke nan. Sai suka yi min barka, suka ce za su jira. Satin da ya wuce na yi. Na ce in sun kayar da ni ba wanda ya sani. To ɗazu da hantsi imel ɗinsu ya shigo.

SAFIYANU: Me suka ce?

WASILA: Sun ɗauke ni.

SAFIYANU: Sun me? Muryarki ta yanke.

WASILA: Sun ɗauke ni aiki, Abban Ummi!

SAFIYANU: Allahu Akbar! Ke? Cikin jego? Alhamdulillahi! Bari in zauna. A'a, ba zan iya zama ba. A ina kika yi intabiyun? Ba kin ce ɗakin Inna ba sabis?

WASILA: A ɗakin Baba na ƙofar gida, jikin taga. Na kai laftof aka yi min caji a shagon Jumare tun da safe. Na fito daga wanka ke nan, jikina na ta tururi, na zura hijabi na zauna. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗa, wai mai jego ba ta zama inda iska take shiga.

SAFIYANU: Su nawa ne suka yi miki?

WASILA: Mace ɗaya da namiji ɗaya. Suka ba ni wata manhaja mai matsala, tana cire wa mutum kuɗi sau biyu in sabis ya yanke. Suka ce in gyara, in yi amfani da AI ɗin da nake so, amma in riƙa faɗin abin da nake tunani da baki.

SAFIYANU: Ita ce dai. To, sai me?

WASILA: Ina farawa Ummi ta tsala kuka. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai matar ta yi dariya, ta ce ita ma tana da biyu, in kashe kyamara in ba ta nono, ba sa ƙirga wannan lokacin. Na ba ta, na goya ta, na ci gaba a tsaye ina jijjiga ta.

SAFIYANU: Kina rubuta kod ɗin manhaja da goyo?

WASILA: Ai ba ni na rubuta yawancinsa ba. Na yi wa AI bayani, na ce ya fara nemo min inda matsalar take kafin ya taɓa komai. Ya nemo. Na ce ya gyara. Nan da nan ya ce ya gama, duk gwaje-gwaje sun yi kore, alamar ba sauran kuskure. Sai na ji abin ya yi sauri da yawa. Na tuna yadda kake hana ni karɓar kod ɗin da ban karanta ba, na bi layi-layi. Ka san abin da ya yi? Gwajin da yake nuna kuskuren ya goge.

SAFIYANU: Ya goge gwajin?

WASILA: Ɗungurungum. Matsalar tana nan daram. Ban san lokacin da na ce masa, "Kai, maƙaryaci, mayar da shi inda ka gan shi" ba. Da Hausa. Na manta suna ji.

SAFIYANU: Wayyo cikina! Me suka ce?

WASILA: Namijin ya ce in fassara. Na fassara, suka yi ta dariya. Na dawo da gwajin, na gyara wurin da hannuna, na sa AI ya ƙara wasu gwaje-gwajen, na duba su su ma. Da za mu rabu matar ta ce mutum da yawa da ya ga kore yake cewa ya gama. Wai yanzu masu rubuta kod sun yi yawa, mai tsayawa ya karanta abin da na'ura ta rubuto suke nema.

SAFIYANU: Gaskiya ta faɗa.

WASILA: Daga gida ake aikin, sai dai a je Legas a yi sati biyu da farko. Za su aiko da laftof. Kuma sun ce sai na gama hutun haihuwa zan fara. Ka ji abin dariya, da nake yi wa Inna bayani sai ta ce wace A'i ce wannan, ta raba ka da aikinka kuma ni ina hulɗa da ita? 'Yar wane gida ce?

SAFIYANU: Ki ce mata 'yar Makarfi ce, bayan masu mazarƙwaila.

WASILA: Zan faɗa mata kuwa. Abban Ummi... kai fa? Tare muka nema. Sun rubuto maka?

SAFIYANU: Ummi ba ta tashi ba?

WASILA: Ba ta tashi ba. Sun rubuto?

SAFIYANU: Sun rubuto. Ni ma da hantsi, ina tsakiyar gona. Sun gode, ba wannan karon ba.

WASILA: Inna lillahi. Na sani. Tun da na ga ba ka kira ni da safe ba jikina ya ba ni.

SAFIYANU: Aikin nan da suka ba ki shi suka ba ni. Da suka ce in yi amfani da AI na ce ba na buƙata. Na rufe shi a gabansu. Abin da ya sa aka sallami rabin ofishinmu, shi zan roƙa ya taimake ni? Na zauna da hannuna, na gano matsalar, ina cikin gyara lokaci ya ƙare. Mutumin ya tambaye ni ko haka zan riƙa yi in sun ɗauke ni. Na ce masa eh, da gadara.

WASILA: To ni ba zan karɓa ba.

SAFIYANU: Ban ji ba.

WASILA: Ka ji sarai. Zan rubuta musu in ce kai ka koya min komai, tun daga yadda ake buɗe laftof. Su ba ka. Ka fi ni sani nesa ba kusa ba.

SAFIYANU: Ke, kin ɗauka kason nama ne da za ki miƙa min naki? Ba haka ake yi ba. In kika ƙi, wani za su kira, kuma ba ni ba ne.

WASILA: Ka san Ikara. Gobe za a ce matar Safiyanu ce take ci da gida, shi yana ban ruwa. Hajiya fa? Da wane ido zan kalle ta?

SAFIYANU: Hajiya da ta riƙe mu da sana'ar ƙuli-ƙuli bayan rasuwar babanmu? Yanzu zan shiga in faɗa mata, sai kin jiyo tata guɗar daga Kudan. Masu magana kuma tun da aka sallame ni suke yi, ba su gaji ba, ni ma ban mutu ba.

WASILA: Legas ɗin fa? Da jaririya?

SAFIYANU: Tare za mu. Ke ki shiga ofis, ni in zauna da Ummi a masauki. Zan koyi goyo.

WASILA: Kai ɗin? Kai da kake riƙe ta kamar tiren ƙwai?

SAFIYANU: Gwaggo Sabuwa za ta koya min.

WASILA: Ka bar wasa. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, ba ka ji ciwo ba?

SAFIYANU: Na ji. Da safe na zauna a kan kunya na rasa abin da ke min daɗi, har ruwa ya cika fangali ya ɓalle ban lura ba. Ina ta tunanin yadda zan faɗa miki. Kuma da kika ce sun ɗauke ki, sai da wani abu ya ɗan soke ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma bai daɗe ba. Wasila, ina tuna ranar da kika yi kuka don kod ɗinki na farko ya ƙi tashi. Yau mutanen Legas sun jira ki har kin haihu. Ni yanzu tsakar gida nake ta zagayawa, kaji na gudu.

WASILA: Ka sa ni kuka.

SAFIYANU: Ki share, akwai aiki a gabanki. In kin dawo za ki zaunar da ni ki nuna min yadda kike juya abin nan. Akwai wasu kamfanoni biyu da zan nema, ba zan sake rufe shi a gaban kowa ba.

WASILA: Ni in koya maka?

SAFIYANU: Da bulala ma in kin ga dama. Yaushe suke son amsa?

WASILA: Kafin la'asar ta gobe. Na rubuta amsar na karɓa tun ɗazu, na kasa turawa. Na ce sai na ji daga bakinka.

SAFIYANU: Laftof ɗin yana kusa?

WASILA: Yana ɗakin Baba. Ga ni nan zuwa. Inna, yanzu zan dawo, na rufe kaina! To, na buɗe.

SAFIYANU: Na amin... ki tu... da sunan...

WASILA: Me? Kana yankewa. Ka amince ko me?

SAFIYANU: Na ce na amince! Ki yi bismilla ki tura!

WASILA: To. Bismillahi. Yana juyawa... yana juyawa... sabis ɗin nan, don Allah. Ya tafi. Abban Ummi, ya tafi!

SAFIYANU: Alhamdulillahi. Allah Ya sa albarka, Injiniya. Ki ce wa Inna gobe da sassafe ina hanya, zan tsaya a Makarfi in sayo wa mai jego tsire. An ce katina ya kusa ƙarewa, ki saurara, abu ɗaya nake so in faɗa miki tun ɗazu. Wasila, ni dai tun ranar da na...

WASILA: Tun ranar da ka me? Abban Ummi? Halo? Gwaggo, ara min wayarki, da kati a ciki?