Direban da Aka Hana Danna Hon

Assalamu alaikum. Malam liman, shugabar makaranta, malamai, iyayen yara, Inna mahaifiyar marigayi, ƙannensa, da surukansa da nake hangowa can baya: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Iyayen yara ne suka ce in yi magana a madadinsu. Na so in ƙi, don ba ni da kalmar da za ta sanyaya zuciyar kowa yau.

Ya kasance direban motar makarantarmu tun babban ɗana yana aji ɗaya. Ya kasance mutumin da ya san wane yaro ke amai in ya zauna a baya, wace yarinya ke manta abincinta a ƙarƙashin kujera. Ya kasance in ya iso ƙofar gidanka, hon biyu zai danna, gajeru, kuma in ya dawo da yaro ba ya jan mota sai ya ga ya shige ciki. Mun ba shi 'ya'yanmu ido rufe. Tasa 'yar guda ɗaya kuwa, ya mutu bai samu riƙonta ba.

Da matarsa ta rasu, danginta suka tafi da yarinyar, wai sai hankali ya kwanta. Hankali ya kwanta, yarinya ba ta dawo ba. Ya kai ƙara kotu, ya ɗauki lauya.

Gidan kawun yarinyar a kan hanyarsa yake. Kullum da safe takan leƙo ta taga, ya danna mata hon ɗin nan biyu, yaran cikin mota su ɗaga mata hannu. Abin da ya rage musu ke nan. Da lauya ya ji labari, sai ya ce, "Ka daina. Kada ka je, kada ka kira, kada ka danna. Za su ce kana takura musu, ka ɓata mini aiki."

Na ce masa, "Direba, anya kuwa?"

Ya ce, "Yaya, shi ya yi karatun. Ni tuƙi na sani."

Ya bi umarni. 'Yata ta gaya mini in sun shiga layin nan, sai ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafe ido a titi. Yarinyar ta yi ta leƙowa, ta yi ta leƙowa, har ta daina.

Ranar zaman kotu lauyan bai zo ba. Wani ya turo daga ofishinsa, wanda a bakin ƙofa yake tambaya game da yarinyar, "Namiji ne ko mace?" Lauyan surukai ya miƙe ya ce wannan uban kullum yana wucewa ta ƙofar gidan, ko kallo ba ya yi. Alƙali ya tambaye shi ko haka ne. Ya ce haka ne. Ya waiwaya yana neman wanda zai faɗi dalili, ya tarar wanda aka turo yana latsa waya. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa, har ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Jiya daga ofishin lauyan aka kira wayarsa, ƙaninsa ya ɗauka. Wai suna tuna masa ranar zama ta gaba.

Inna, ki yi haƙuri. Ɗanki bai yi laifin komai ba sai jin magana, yadda kika tarbiyyantar da shi.

Surukai, ba faɗa ya kawo ni ba. Mai ƙarar ya tafi, babu sauran mai ja da ku. Na duba taron nan ban ga yarinyar ba. Tana can tana zaton ubanta ya daina sonta. Don Allah ku gaya mata hana shi aka yi. Wallahi ban sani ba ko za ku faɗa, ban kuma sani ba ko za ta yarda. Mu dai mun roƙi sabon direba ya riƙa danna hon biyu a layin nan, ko da tagar a rufe take.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba Inna dangana. Allah Ya raya yarinyar nan, Ya sada ta da ubanta a inda ba a ɗage zama. Amin.