Inna Ta Fasa Katanga

Hannatu: Alo? Garin Abu Na'ama ne? Yaya Ladan, kai ne?

Ladan: Ni ne. Hannatu? Ina wuni, yaya garin Damazin?

Hannatu: Lafiya lau. Yaya iyali, yaya gona?

Ladan: Alhamdu lillahi. Mijinki Mahmudu fa, da aikin ofis? Yaya jikin Inna?

Hannatu: Yaya, Inna ta fasa katanga!

Ladan: Ta fasa me? Zuwa wurina?

Hannatu: Katanga! Katangar gidan hukuma da aka ba mijina! Da taɓarya!

Ladan: Ya salam! Innar da kika ce ko tashi ba ta iyawa?

Hannatu: Ita! Ai ka sani, tun da ruwan madatsa ya cinye garinmu na ɗauko ta, ba ta ci, ba ta magana. Likita ya duba, ya ce lafiyarta ƙalau.

Ladan: To, me katanga ta yi mata?

Hannatu: Wai gidanga kabari ne. Ba itace, ba kogi, ba mai wucewa ya ce mata sannu. Wai duk inda ta juya siminti ke kallonta. Na dawo kasuwa na tarar da rami, kan mutum zai shiga!

Ladan: Kan wa ya shiga?

Hannatu: Haba Yaya, saurara mana! Yanzu can take wuni bisa tabarma, tana gaida duk wanda ya gitta. Mai ruwa, mai gawayi, har matan maƙwabta sun fara kawo kofi nan bakin ramin.

Ladan: Tana cin abinci?

Hannatu: Ba wannan...

Ladan: Tana ci ko ba ta ci?

Hannatu: Jiya har ƙari ta nema. Amma mufattishi mai duba gidaje zai zo! In ya gani, korarmu za a yi. Mahmudu ya kawo magini, ta zauna gaban ramin, ta ce sai dai a liƙe da ita. Ka zo ka yi mata magana!

Ladan: Tayyib, shi ke nan, zan zo. Gaya mata akwai dashen lemo da zan...

Hannatu: Dashe? A ina za ta dasa? Tsakar gidan duk siminti ne!

Ladan: Ai taɓaryar tana nan.

Hannatu: Yaya! Wallahi in ka... Alo? Alo!