Ranar Da Gindin Gamba Ya Koma Mazauninsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Muhammadu Sani. Ranka ya daɗe Dagaci. Allah gafarta Malam Liman. Dattawan gari, masu furfurar shekaru da masu furfurar wahala. Iyayenmu mata da ke bayan zana, waɗanda na san sun fi na gaba kasa kunne. Baƙinmu na Tsanyawa da Ɗambatta. Da waɗanda suka zo don sun ji an ce akwai fura: Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina mai shelanta wa duniya, gabas da yamma, kudu da arewa, cewa a jiya Laraba, bayan sallar La'asar, gindin gamba goma sha ɗaya, waɗanda suka shekara ashirin suna gudun hijira, sun koma mazauninsu lafiya lau. Na karanta tarihin Rum da Farisa, na karanta na Mali da Borno, ban ci karo da iyakar da aka mayar ba tare da zubar da jini ba sai tamu. Mu gumi kawai muka zubar, sai kuma ɗan mutuncina.

Ina godiya ga Allah da ya ba mu damina bana bayan farin da ya gasa mu. Ina godiya ga Dagaci da ya ara mana igiyar awo, bai kuma tambayi gonar wa za ta taɓa ba. Ina godiya ga Baba Dabo, wanda ya girmi kowa a garin nan, wanda kansa ya fi kowane kabad ɗin ofis riƙon amana.

Batu na farko, asalin maganar. Kun san shekarun da muke ciki: sabulu sai da layi, kananzir sai da sanayya, batir kuwa sai mun shanya shi a rana ya farfaɗo kafin rediyo ta yi tari. Da irin wannan batir muka kwana uku a gindin tsamiya muna sauraron majalisar dokokin wata ƙasa ta Afirka, wadda ba zan kama sunanta ba saboda zumunci. Wannan ya miƙe ya ce manya sun haɗiye gonakin talakawa da takardun bogi. Wancan ya miƙe ya ce ƙasa amana ce a hannun hukuma. Na uku ya ce to wa ke tsaron mai tsaron amanar? Ni kuwa, Nata'ala, tsohon hedimasta, ina fassarawa ina ƙara gishiri. Har na yanke hukunci da bakina cewa duk wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani, a ɗaure masa ita a wuya tun a duniya.

Ina cikin haka sai ga Asama'u, matar marigayi Khalilu, wadda gonata da tata suke iyaka, ta dawo daga rijiya. Ta sauke tulu ta ce, "Malam, sannu da mulkin duniya. Tunda ka san iyakar ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba, don Allah zo ka nemo mini ta gonata. Da ran maigidan dami goma sha biyu take bayarwa, yanzu bakwai, marayu biyar kuwa ba su rage ci ba."

Na ce, "Asama'u, ai fari ne."

Ta ce, "Fari zangarniya yake ragewa, Malam, ba ya ɗauke kunyoyin gona. Na ƙirga."

Batu na biyu, binciken. Nan take na kafa kwamiti, na zaɓi kaina shugaba ba hamayya. Takarda dai babu. Iyakarmu a garin nan gamba ce, kamar yadda muka gada. Sai Baba Dabo ya ce kakanninmu ba su yarda da ciyawa ita kaɗai ba. Ya ce, "Ciyawa tana da ƙafa, dutse ba shi da ita. A kowace kusurwa sun binne fasasshen dutsen niƙa. Ku haƙa."

Muka fara da arewa, wajen Isyaku. Dutse ya fito, ya nuna Isyaku ya shiga gonar marayu da kunya ɗaya. Na yi masa wa'azin rabin sa'a, har da misalai daga Misira. Muka koma kudu, wajen Nababa: kunya biyu. Ya ce wai sansa na huɗa ne ba ya gani sosai. Na ce, "Nababa, abin mamaki, makahon sa bai taɓa ɓata hanyar rumbunka ba." Jama'a suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Yamma hanya ce, ba ta ci wa kowa ba. Saura gabas.

Gabas kuwa, jama'a, ni ne.

Na dubi sama na ce rana ta yi zafi, a bari sai gobe. Nababa ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai yanzu inuwa ta sauko." Aka haƙa a gindin gamba, babu dutse. Aka matsa cikin gonata kunya ɗaya, babu, biyu, babu, uku, babu. Na fara bayanin cewa magabata ma 'yan Adam ne, suna mantuwa. A ta huɗu fartanya ta ce ƙwas! Wallahi na ji ƙarar nan a haƙorina.

Batu na uku, yadda aka yi. Kowace bazara nakan raba tushen gamba in sake dasawa don iyaka ta yi kauri, in samu na zana. Ina tsayawa a cikin gonata, ina fuskantar ta Asama'u. Mutum kuwa a gabansa yake sara, ba ya sara a bayansa. Taƙi bana, taƙi baɗi, shekara ashirin. Allah ne shaidata ban taɓa kwana da niyyar cin iyaka ba. Amma ku lura, a cikin kuskure ashirin, ko ɗaya bai faɗa wa gonar Asama'u da riba ba. Da na ga huɗata tana ƙaruwa, albarka na kira ta. Ashe gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka ina aika wa 'yan majalisar can da nasiha kyauta, idan batirinsu na kama mu. Mai haɗiye fili ba da fili yake farawa ba, da taƙi yake farawa. Abin da ya cece mu a nan uku ne: shaidar da ba ta karɓar cin hanci, mace mai ƙirga abinta, da shugaban da ya ba da igiya ya ce a auna ko a gonar wa. Ƙasar da ta samu waɗannan ta huta da dogon turanci.

Yau kunya bakwai sun koma hannun Asama'u, da geron da ke tsaye a kansu, ga shi bana zangarniya ta yi kai. Na je neman gafara, ta ce, "Na yafe na baya, Malam. Amma in za ka sake dasa gamba, ka shigo gonata ka fuskanci taka." Kwamiti ya karɓi wannan a matsayin doka, ta hau kan kowa.

Allah ya jiƙan Khalilu, ya raya abin da ya bari. Allah ya cika rumbunanmu da halal, ya sassauta mana tsadar nan, ya ba shugabanninmu na kusa da na nesa ƙarfin halin haƙa a gonakinsu. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya.

A ƙarshe, da ikon da na ba kaina na shugaban kwamiti, na ci tarar Malam Nata'ala goro bakwai, sabo ba daushe ba. Da zana ɗaya da zai saƙa da hannunsa daga gambar nan ya kai gidan marayu. An kuma hana shi sa baki a majalisar kowace ƙasa har kasuwar Tsanyawa ta ci sau uku. Wanda ake tuhuma ya nemi ɗaukaka ƙara, na kore ta.

Na gode.