Kwamfuta Mai Rigar Leshi

A rumfar mai gyara a kasuwar Ikeja, Baba Adegoke ya tsallake layi ya dire kwamfutarsa, tana sanye da rigar leshin da ya sa aka ɗinka mata. Wata budurwa ta harare shi.

"Baba, mu da muke tsaye gumaka ne?"

"Tawa ta gaggawa ce! Wasan tuƙa jirgin sama nake yi. Lambar kusurwar allo tana nuna hoto sittin a daƙiƙa, da na zo sauka sai ta faɗo sha biyu, hoto ya riƙa tsinkewa, in rafka jirgi da ƙasa!"

"Wasa? Da furfurarka?"

"Ke, iya bakinki! Na haifi wanda ya girme ki."

"To wa ya ce ka sa wa kwamfuta leshi kamar mai zuwa biki? Ka toshe mata iska, ta ɗau zafi, dole lamba ta faɗi!"

"Ƙura fa? Rediyona ma da rigarsa!"

"Sai ka yi ta faɗuwa. Wa ya mutu?"

"Ɗana da ke Kanada ba ya ɗaga wayata!" Bai so maganar ta fito ba. "Ran Lahadi kawai muke tashi tare a wasan, muna hira. Da na faɗi sai ya ce sai wani makon, ya kashe."

Budurwar ta ja tsaki, ta fizge leshin ta cusa masa a hannu.

"Tafi gida, Baba, ba gyara take so ba. In lambar ta sake faɗuwa, kar ka sauka. Yi ta shawagi."