Na Ɗauki Dami Kaina Bai Warke Ba

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Sunana Sale, ɗan Madadi, ban daɗe da dawowa Kabo wajen kawuna ba.

A girbin nan na faɗo daga amalanke, kaina ya bugu. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ya hana ni ɗaukar kaya, hawa babur, kallon waya da shiga hayaniya, har sai ya ce na warke.

To sai aka kira gayya. Da na ji kiɗa na tuna Madadi, muna jere da dammunan dawa a ka, Innata tana bin mu da kunu. Wani ya leƙo ya ce, "Baƙo, ciwon da ba jini ai lalaci ne." Na tashi na ɗauki dami. Ban kai rumbu ba jiri ya kayar da ni, ga amai. Ciwo ya dawo sabo.

Da a gida ne, Inna za ta tsaya bakin ƙofa ta kore su. Nan ba ni da mai tare min. Malam, an sake kiran gayya. Ya zan ce a'a ba a kira ni raggo ba?