Ungozoma a Ƙasar Dodanni

A ɗakin jiran likita, ina daga bencin baya, na ji wata dattijuwa ta tanka wa saurayin da ke ta zane a littafi kusa da ita.

"Ɗan nan, wannan mai takobin fa?"

"Na wasa ne, Mama. Mukan zauna a tebur, kowa ya ƙirƙiro gwarzonsa, mutum ɗaya ya ja labarin, mu jefa ɗan ludo. Abokaina sun ce in yau na sake kawo maraya mai takobi, kujerata ta zama ta wani."

"Da gaskiyarsu. Shi ba uwa ta haife shi ba? Sa ungozoma."

"A ƙasar dodanni? Da me za ta yi faɗa?"

"Faɗa? Shekara talatin ina aikin nan, ko ɗan daba bai taɓa tare mini hanya ba. Ni na yanke masa cibiya! Dodon ma ai haifarsa aka yi."

Sai na ji alƙalamin saurayin na gudu.

"Wato duk mugun da muka haɗu da shi, ta san shi tun yana tsumma?"

"Ta san har sunan da uwarsa ke kiransa. Ta faɗe shi gaban yaransa, ka ga ƙarshen tsiya."

"Wallahi Mama, kin cece ni! Makin ƙarfinta fa? A wasan goma ne iyaka."

"Sa sha biyu."

Nas ta leƙo ta kira ta. Ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango.

"Kuma kar ka zana ta da sanda. Gwiwar nan bana ta fara."